Soson Teku da Dafinsa: Tambayoyi da Amsoshi

A tsakiyar rani, lokacin da fili ya koma ƙura, tumfafiya na nan tsaye a bakin hanya kore shar, dabba ba ta kai mata baki sai yunwa ta kai intaha. Farin ruwan da ke jikinta ne ya saya mata wannan zaman lafiya. A ƙarƙashin teku akwai wata halitta da ta bi irin wannan hanya, ta kuma yi nisa a cikinta har masu haɗa magunguna suka koma ɗaukar karatu a wurinta. Ita ce soson teku. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Soson teku shi ne soson da muke wanka da shi?

A'a, suna ne kawai ya zo ɗaya. Soson da ke yaɗo a jikin danga tsiro ne, ɗan'uwan duma da kabewa. Soson katifa kuwa roba ce daga masana'anta. Shi soson teku dabba ce mai rai, wadda ke manne a jikin dutse ko murjani (wata halitta mai rai da ke gina duwatsu a teku) a ƙasan ruwa.

Akwai dai wasu 'yan nau'o'i da ake wanka da su. Masu nutso na tsibirin Kalimnos a Girka, da na gaɓar Tunisiya, sun daɗe suna ciro su, su bar naman ya ruɓe, su wanke, sai a bar laushin ƙashin kaɗai. Amma waɗannan 'yan tsiraru ne cikin nau'o'i wajen 9,000 da masana suka ba suna. Da yawa daga cikin sauran, in ka goga su a fatarka, sai ka kwana kana susa.

Dabba kamar yaya, alhali ba ya motsi?

Ba shi da baki, ba ciki, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, ba jijiya. Jikinsa duk ƙofofi ne ƙanana, kamar rariya. A can ciki akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan wutsiya, kowace tana kaɗa tata ba dare ba rana, ruwa na shiga ta ƙananan ƙofofin yana fita ta babba. Abin da ya maƙale a hanya, bakteriya da burbushin abinci, shi ne cimarsa. An auna wani ɗan soso da tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, kaurinsa kamar ɗan yatsa, aka ga yana tace ruwa kimanin lita 22 a rana, wato ya kusa cika jarka.

A 1907 wani masani ɗan Amurka, H. V. Wilson, ya matse soso mai rai ta cikin ƙyallen siliki har ya tarwatse ya zama kamar gasara. Da ya bar shi a ruwan teku, sai ƙwayoyin suka riƙa rarrafe suna neman juna, suka dunƙule, suka fara gina sabon soso. Halitta ce mai sauƙin gini, amma ta fi shekara miliyan 500 a duniya, ta riga kifi zuwa.

To me ya kai shi ga yin dafi?

Ruwa ba ya tsami banza. Ka ɗauki halittar da ba ta gudu, ba ta cizo, ba ta da ƙoƙo irin na kunkuru, ka ajiye ta a tsakiyar kasuwar kifaye masu jin yunwa. Yaƙi uku ne a gabanta kullum.

Na farko da masu cinta. Na biyu da maƙwabta, domin a jikin dutsen murjani fili ya fi komai tsada: duk taƙin hannu akwai mai nemansa, wanda ya rufe wani ya kashe shi. A tekun Karibiyan akwai wani soso, Siphonodictyon coralliphagum, da ke huda murjani ya zauna a ciki, ya riƙa fitar da majina mai guba tana kashe murjanin da ke kewaye da bakinsa, don kada ya toshe masa hanyar ruwa. Na uku, wanda ido ba ya gani, shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta da 'ya'yan wasu halittu masu neman wurin mannewa. Wanda ke haɗiyar ruwa duk yini, da dukan abin da ke cikinsa, in ba shi da maganin ruɓa ba zai kai labari ba. In kuma gansakuka da ƙananan kumba suka lulluɓe shi, ƙofofin sun toshe ke nan, numfashi da ci duka sun tsaya.

Wannan ne ya sa a cikin halittun teku babu rukunin da ya kai soso ba da sababbin sinadarai. Kusan kashi 3 cikin 10 na waɗanda aka gano daga teku, daga gare shi suka fito.

Ta yaya aka tabbatar don kariya ne? Ba zato ba ne kawai?

Tambaya ce mai kyau, kuma an daɗe ana zaton kafin a gwada. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Joseph Pawlik da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 1995, saboda sauƙinsa. Sun jiƙa soso a cikin ruwan da ke tsotse sinadarai, suka cakuɗa abin da ya fito da niƙaƙƙen naman wata dabbar teku da kifi ke so, suka yi 'yan ƙananan ƙwallaye. Adadin sinadarin da ke cikin ƙwallon daidai yake da wanda ke jikin soson. Sai suka miƙa wa wani ɗan kifi mai shuɗin kai, wanda ba ya zaɓen abinci. Kifin zai cafke ƙwallon, in lafiya ya haɗiye. In akwai matsala ya tofar, ya sake cafka, ya sake tofarwa, ya juya ya bar shi ya nutse. Ana kuma ba shi ƙwallon da ba a sa wa komai ba, don a tabbatar ba ƙoshi ne ya hana shi ci ba.

Nau'i 71 na tekun Karibiyan aka gwada. Kashi 69 cikin 100 kifin ya ƙi su.

Wani abu ya fito daga irin wannan aiki da ya kamata a lura da shi. Abin da ke korar kifi ba lallai ne ya zama mai kisa ba, kuma abin da ke kashe ƙwayar halitta a farantin gwaji ba lallai ne kifi ya ƙi shi ba. Ga soso, ɗaci irin na maɗaci ya wadatar, tunda buƙatarsa a tofar da shi ne.

Sauran kashi 31 fa, yaya suke rayuwa?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haɗa dafi na cin ƙarfi, kuma ƙarfin da aka zuba a can an rage shi ne daga girma da haihuwa. Waɗanda ba su da dafin sun zaɓi sauri: kifi ya gutsura, su warke da wuri, su yi girma da wuri, su yaɗu da wuri. Wasu kuma ɓuya suke yi a ƙarƙashin duwatsu ko a jikin saiwar itatuwan bakin teku, inda manyan kifaye ba sa zuwa.

A nan ne hannun ɗan Adam ya shigo. Pawlik da Tse-Lynn Loh sun kewaya wurare 69 a ƙasashe 12 na Karibiyan, suka wallafa sakamakon a 2014. Inda masunta suka kwashe kifayen da ke cin soso, nau'o'in nan masu saurin girma sun yi yawa, tunda babu mai rage su. Daga baya suka nuna cewa a irin waɗannan wurare soso ya fi hawa kan murjani yana shaƙe shi. Mai kafa tarkon kifi bai san ya shiga tsakanin soso da murjani ba, amma ya shiga.

An ce jikinsa cike yake da allurai. Su ba kariya ba ne?

Yawancin nau'o'in suna da ƙananan allurai a cikin nama, wasu na sinadarin gilashi, wasu na alli, su ne ƙashin da ke riƙe jikin. An daɗe ana ɗauka su ne babban makaminsa. Da aka zuba su cikin ƙwallayen abinci, sau da yawa kifi ya haɗiye abinsa bai damu ba. Suna dai taimakawa a wasu nau'o'in, musamman in sun haɗu da ɗacin.

Alluran nan sun fi amfanar masu ginin tukwane. Akwai soso na ruwan daɗi, a koguna da tafkuna, kuma masu binciken kayan tarihi sun ga alluransa cikin yumɓun tsofaffin tukwane a yankin kogin Neja na ƙasar Mali, da kuma bakin Farin Nilu a Sudan.

Dafin a shirye yake kullum, ko sai an taɓa shi?

Duka biyun akwai. Misali mafi kyau na mai jiran a taɓa shi shi ne Aplysina aerophoba na Bahar Rum. A cikin ruwa rawaya ne shar, kamar an tsoma shi a kurkum, yana tsaye kamar 'yan yatsu masu rami a ka. Da zarar an fito da shi iska ta buge shi, sai ya fara rinewa a hannun mutum, ya koma shuɗi, ya ƙare baƙi ƙirin. Wannan aikin launinsa ne. Abin da ido ba ya gani shi ne, yana ajiye wasu manyan sinadarai masu buromin a jikinsa, kuma da an ji masa rauni, wani sinadari mai yanka zai sare su cikin ƙasa da minti guda, su koma ƙananan da suka fi kashe bakteriya. Wato yana zuba wa ciwonsa magani nan take, a daidai wurin da ƙwayar cuta za ta nemi shiga.

Ba wanda ke iya cinsa ke nan?

Akwai, kowane gauta da mai cinsa. Kunkurun teku mai baki irin na shaho ya mai da soso tuwonsa. Anne Meylan ta duba cikin irin waɗannan kunkuru a Karibiyan, ta ruwaito a 1988 cewa kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ta samu soso ne, har da masu alluran gilashi. Akwai kuma wasu kifaye masu faɗin jiki da ke gutsurar wannan kaɗan, wancan kaɗan, don kada guba iri ɗaya ta taru musu.

Amma gwanayen su ne wasu dodon koɗi na teku marasa ƙoƙo, masu launi kamar atamfa. Wanda ya san farar tumfafiya zai gane su nan da nan: tana cin ganyen da kowa ke gudu, ta ajiye gubar a jikinta, ta yi ado da launi mai ɗaukar ido, tsuntsu ya gan ta ya kauce. Haka waɗannan suke. Suna cin soso, su tace dafin su kai shi gefen jikinsu inda kifi zai fara kai baki.

A Bahar Maliya, tekun da alhazan da suka bi ta Sudan suka riƙa ƙetarewa zuwa Jidda, akwai wani jan soso mai rassa, Negombata magnifica. Yana tsaye a fili, ja jawur, kifi ba ya kusantarsa. In aka matse shi, wani jan ruwa ke fita, kifayen da ke kusa su watse. Wanda aka tsare a akwatin ruwa tare da shi kuwa, cikin 'yan mintoci zai rasa daidaito ya mutu. A 1980 Yoel Kashman da abokansa suka ware sinadarin, aka sa masa suna laturunkulin. Duk da haka akwai wani dodon koɗi mai ratsin baƙi da fari da ruwan lemo, Chromodoris quadricolor, da ke kiwo a kansa hankali kwance, yana tara laturunkulin ɗin don kansa.

Yana cutar da mutum?

Yawanci a fata ne. Masu nutso a Karibiyan sun san Tedania ignis, wanda suke kira soson wuta, da Neofibularia nolitangere, wanda ƙarshen sunansa a Latin ke nufin kada ka taɓa ni. Taɓa su na kawo zafi, ƙaiƙayi, kumburi, wani lokaci fata ta sale bayan kwanaki. Mai shiga teku ya sa safar hannu, ya kuma bar abin da bai sani ba a inda ya gan shi.

Da gaske ne an samu maganin sankara daga soso?

Gaskiya ne, amma yadda abin ya faru ya bambanta da yadda ake yawan ba da labarinsa.

Werner Bergmann, masanin sinadarai a Jami'ar Yale, ba magani yake nema ba. Kitsen jikin halittun teku yake nazari. Ya ɗebo wani soso a gaɓar Filorida, wanda yau ake kira Tectitethya crypta, ya tafasa shi a asiton, wani ruwa mai tsotse sinadarai, sai ya ga wasu ƙanƙara-ƙanƙara sun taru a gindin kwalbar. Shi da Robert Feeney suka bayyana su a 1950 da 1951. Sun yi kama da tubalan da jiki ke gina kundin gado da su, wato DNA, sai dai sukarin da ke cikinsu wani iri ne daban, arabinos. Bambancin ɗan ƙanƙani ne, a kusurwa guda kawai yake.

Kafin wannan, masu neman magani sun fi mai da hankali ga sauya ɗaya ɓangaren tubalin, suna ganin sukarin ba abin taɓawa ba ne. Soso ya nuna musu ana taɓa shi. Ka ɗauki magini mai sauri, wanda ba ya duba bulo kafin ya ɗora. In ka cusa masa bulo mai lam'a, layin da ke sama ba zai zauna ba, gini ya tsaya. Ƙwayar sankara ita ce maginin nan mai gaggawa. A 1959, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, aka haɗa irin wannan tubali na bogi, sitarabin, wanda likitoci ke rubutawa Ara-C. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1969.

Har gobe shi ne ƙashin bayan maganin wani nau'in sankarar jini mai saurin kisa, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana amfani da shi a kan sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen da cizon sauro ya yi katutu, har da namu. Ɗan'uwansa bidarabin, Ara-A, ya samu amincewa a 1976 don yaƙar wata ƙwayar bairos, kafin waɗanda suka fi shi su ture shi.

A lura: babu ko ɗigon soso a cikin kwalbar sitarabin. Dabarar aka ɗauko daga gare shi, sauran aikin na mutane ne.

Maganin Halaven fa, da ake ba masu sankarar mama?

Wannan labarin haƙuri ne. A 1986 Yoshimasa Hirata da Daisuke Uemura a Japan suka bayyana wani sinadari, halikondirin B, daga wani baƙin soso na gaɓar ƙasarsu, Halichondria okadai. Ƙarfinsa a kan ƙwayoyin sankara ya girgiza masana. Yana hana su rabuwa biyu, ta hanyar tsayar da ƙananan sandunan da ke jan kundin gado zuwa gefe da gefe. Matsalar ita ce yawansa. Daga kilo 600 na soso, wato nauyin buhu 12 na shinkafa, miligiram 12.5 suka samu. Bai kai nauyin ƙwayar shinkafa guda ba.

Aka nemi wani soson da ya fi shi, aka samu a can ƙasan teku kusa da Kaikoura a New Zealand. Aka ciro tan guda cur, ya ba da miligiram 310, bai cika ƙwayar farasitamol ɗaya ba. Da aka ƙiyasta dukan abin da ke wurin, 'yan ɗaruruwan tan ne kawai. Ko an share shi ƙaf ba zai ishi marasa lafiyar duniya ba.

Mafitar ta fito daga ɗakin gwaje-gwajen Yoshito Kishi a Jami'ar Harvard, inda aka gina sinadarin gaba ɗaya da hannu a 1992. A cikin wannan aiki aka gane cewa ƙarfin a rabi guda yake zaune, ɗaya rabin kaya ne kawai. Kamfanin Eisai ya ɗauki wannan rabi, ya yi ta gyara, har aka samu eribulin, wanda ake sayarwa da sunan Halaven. Mataki 62 ake bi kafin a haɗa shi. An amince da shi a Amurka a Nuwamban 2010 don sankarar mama da ta bazu, sannan a 2016 don wata sankarar kitse. Shekara 24 ke nan daga soso zuwa asibiti.

Me yake yi wa mara lafiya? A babban gwajin da aka yi da mata 762 waɗanda sauran magunguna suka riga suka gaza a kansu, matsakaicin abin da waɗanda aka ba eribulin suka ƙara rayuwa wata 13.1 ne, sauran kuma wata 10.6. Ba warkarwa ba ce, kuma yana da nasa wahalhalu: raguwar fararen ƙwayoyin jini, kasala, zubar gashi, mutuwar yatsu. Amma ban yarda da mai raina wata biyu da rabi ba. Uwar da ke son ta ga auren 'yarta, ko ta kai azumi, ta san darajarsu.

Shi soson ne da kansa ke haɗa waɗannan sinadarai?

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. A wasu nau'o'in, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin soso ba shi ba ne, ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a jikinsa. An daɗe ana zarginsu, saboda ana samun sinadari iri ɗaya a cikin soso biyu da ba su haɗa dangi ba, a tekuna masu nisa da juna.

Hujja mai ƙarfi ta zo a 2014. Jörn Piel da tawagarsa suka ɗauki Theonella swinhoei mai launin rawaya daga tsibirin Hachijo na Japan, wanda aka sani da tarin sinadarai, suka rarrabe mazaunansa ɗaya bayan ɗaya, suka karanta kundin gadonsu. Sai ga shi kusan dukan sinadaran daga bakteriya guda suke fitowa, Entotheonella. Soso ya ba ta masauki da abinci, ita kuma tana gadin gida.

Wani lokaci ma ba mazaunin gida ba ne, abin da aka haɗiya ne. Wani dafi, asid ɗin okadayik, ya samo sunansa daga Halichondria okadai, amma daga baya aka gane wasu ƙananan halittu masu yawo a ruwa ne ke yin sa, soso tace su kawai yake yi. Shi ne ke taruwa a cikin kumbar teku ya sa masu cinta gudawa.

Wannan ya sauya salon neman magani. In bakteriya ce mai aikin, ba sai an tuge soso daga teku ba. Sai dai irin su Entotheonella ba sa son tsira a faranti in an raba su da mai gidansu, don haka yanzu ƙoƙarin da ake yi shi ne a kwafo umarnin haɗa sinadarin daga kundinsu a dasa shi cikin wata bakteriyar mai sauƙin kiwo.

Akwai fatan maganin zazzaɓin cizon sauro?

Akwai alamu, babu magani tukuna. Manzamin A, wanda aka fara samu a 1986 daga wani soso na Okinawa, an gwada shi a kan ɓeraye masu ɗauke da ƙwayar cutar, allura guda ta danne fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe ƙwayar da wanda ke cutar da ɓeran ba ta da faɗi. Akwai kuma filakotin daga soson Plakortis, wanda ke da irin gadar iskar oksijin da ke ba atimisinin ƙarfinsa, maganin nan da aka samu daga dangin tazargade a ƙasar Sin. Duka suna matakin bincike. Mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa, ya sha maganin da aka tabbatar.

In sinadaran sun kai dubbai, me ya sa magungunan ba su cika yatsun hannu ba?

Domin ba don mu aka yi su ba. An yi su ne don kifi, da murjani, da bakteriyar teku, kuma abin da ke kashe ƙwayar sankara yakan kashe lafiyayyar da ke kusa da ita.

Diskodamolaid ya isa misali. An same shi a 1990 daga wani soso na zurfin tekun Bahamas, Discodermia dissoluta. Ya nuna ƙarfi har a kan sankarar da ta gagari wasu magunguna. Kamfanin Novartis ya sha wahalar haɗa giram 60 nasa, aka fara gwaji a jikin mutane, sai aka ga yana taɓa huhu, aka tsayar. Manowalaid daga Palau, mai kwantar da kumburi, shi ma ya kai ga gwaji a kan wata cutar fata, bai wuce ba.

Faɗuwa a asibiti ba ita ce ƙarshen amfani ba. Laturunkulin ɗin jan soson Bahar Maliya bai zama magani ba, amma yau yana cikin firji a ɗakunan bincike ko'ina a duniya. Yana kama aktin, zaren da ke riƙe siffar ƙwayar halitta, ya hana shi haɗuwa. Duk mai son ya ga yadda ƙwaya ke tafiya ko rabuwa, sai ya ɗiga mata shi ya zuba ido a madubin likita.

In na samu soson teku, zan iya jiƙa shi in sha?

Kada ka yi, kuma kada ka saya daga wanda ya ce yana da garinsa ko jiƙonsa don sankara. Lissafin da ke sama ya isa hujja: buhu 12 ne suka ba da abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma 'yan nau'o'i kaɗan ne daga dubbai ke da sinadarin. Abin da za ka samu a jiƙon shi ne alluran gilashi, da sauran gubobin da ba a auna ba, da ƙarafa masu cutarwa da soso ke tarawa daga ruwa. Abin da ya fi ci mini rai a irin wannan ciniki shi ne lokacin da yake cinyewa. Mace ta ji ƙullutu a mamanta, a yi ta ba ta jiƙe-jiƙe wata shida, sai an ga ya fashe a kai ta asibiti, lokacin da abin da likita zai iya yi ya ragu ƙwarai.

Ana iya noma shi?

Ana yi. Tunda yana warkewa in an yanka shi, sai a gutsura shi gunduwa-gunduwa a ɗaura a igiya cikin ruwa, kowace ta girma. Mata a ƙauyen Jambiani na Zanzibar suna noman soson wanka haka, suna sayarwa. Na magani ya fi wuya, domin yawan sinadarin na sauyawa da wuri, da zurfi, da lokacin shekara. An gwada a New Zealand da soson halikondirin, ya girma, amma abin da ke cikinsa bai kai na wanda ya tashi da kansa a zurfi ba.

In aka samu magani daga soson tekun wata ƙasa, wa ke da haƙƙi?

A da, mai jirgi da ɗakin gwaji ne ke da komai. Samfurori da yawa sun fito daga ruwan Palau, Fiji, Maldibs, Bahar Maliya da Afirka ta Kudu, inda aka samu hemiyastalin a gaɓar Sodwana, amma rajistar mallaka da riba sun fi taruwa a wasu wurare. Wani bincike na 2018 ya duba bayanan gado na halittun teku da aka yi wa rajistar mallaka, ya ga kashi 98 cikin 100 suna hannun masu rajista daga ƙasashe 10 kacal.

Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka cimma a 2010 ta fara aiki a 2014, ta ce sai da izinin ƙasa za a ɗebi halittunta, kuma a raba amfanin da ita. Tsakiyar teku, inda ba na kowa ba, ya kasance a buɗe har Yunin 2023, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniyar da ta shafe shi. Takarda dai ba ta nutso, ba ta kuma tace sinadari. Ƙasar da ke son rabonta sai ta fara sanin abin da ke cikin ruwanta, da masananta, da ma'ajiyar samfurinta. Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975. Sudan kuwa na da dutsen murjani na Sanganeb, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, a cikin teku ɗaya da jan soson nan, 'yar tafiya kaɗan a jirgin ruwa daga Fot Sudan.